Tagogin Taragon Madina

Ranar da aka shigo da taragon warshar Sheikh Abdulghaffar, ma'aikatar kafintocinsa da ke Khumra a Jidda, ma'aikata dariya suka yi ta yi. Wani ya ce akurkin kaji aka ɗauko daga sahara, wani ya ce a kai wa masu gidan burodi su hura wuta. Haladu kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya zagaya shi sau biyu yana ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa yana saurare, sannan ya hau ciki ya daɗe bai fito ba.

Taragon fasinja ne na tsohon layin dogon Hijaz, wanda a da yake kawo alhazai daga Sham zuwa Madina. Tun da layin ya mutu aka yar da shi a wata tasha arewa da Madina, rana na dukansa shekara da shekaru, makiyaya na ɓallar allunansa suna dafa shayi. A shekarar 1966 wasu manya suka so a gyara tarago ɗaya a ajiye a tsohuwar tashar Madina, jama'a su ga yadda kakanninsu suka yi tafiya. Sheikh Abdulghaffar ne ya karɓi aikin. Ɗan kwangila ne haifaffen Jidda, jikan alhazan Katsina da suka zo a ƙasa suka zauna. Hausarsa a rabin hanya take tsayawa, in ransa ya ɓaci Larabci ke ƙarasa masa magana. Yana da kyauta, yana da saurin fushi, kuma abin da ya faɗa a gaban mutane ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya janyewa.

Ya karɓi aikin ne don yana da Haladu. Haladu Bahaushen Sudan ne, ya yi shekara ashirin da shida yana gyaran taragun katako a Atbara kafin ya kawo iyalinsa hajji su zauna. Shekara tara ke nan a Jidda yana yin ƙofofi da kabad, aikin da hannunsa ke yi zuciyarsa na wani wuri. Sheikh Abdulghaffar ne kafilinsa, da sunansa yake zaune a ƙasar, kuma iƙamarsa, takardar izinin zama, za ta ƙare a ƙarshen watan Rajab. In kafili bai sa hannu an sabunta ta ba, sai jirgin ruwan komawa Sudan. A can kuwa ba abin da ya rage masa. Gidan Atbara an sayar, 'yarsa tilo Zakiya tana aure nan Jidda a unguwar Sharafiyya da 'ya'ya uku, matarsa Barakatu kuma ta sha faɗa masa cewa ita a nan za a binne ta.

Abin da ya tsayar da shi cikin taragon ranar nan tagogi ne. Daga waje ramuka kawai ake gani guda goma sha huɗu, bakwai dama bakwai hagu, kowa ya ɗauka an sace su. Haladu ya san irin ƙirar. Tagar tarago ba a tura ta waje, saukar da ita ake yi ta shige cikin bango, in an so rufewa a jawo ta sama da maɗaurin fata. Ya zura hannu cikin ramin bangon, sai ga su duka a kwance inda fasinjan ƙarshe ya sauke su, har da gilashinsu, uku ne kawai suka tsage. Ya jawo ɗaya da yatsa biyu ta taso sumul. Ya ji wani daɗi da rabonsa da shi tun barinsa Atbara.

Tun a makon farko ya ce wa Sheikh ya fi kyau a yi aikin a Madina, inda taragon zai zauna. Sheikh ya ce injinan suna Jidda, katako na Jidda, shi ma yana Jidda. Haladu ya koma kan aikinsa.

Wanda aka haɗa shi aiki da shi shi ne Mu'allim Othman, babban kafintan warshar. Haifaffen Jidda ne, gwanin roshan, tagogin nan na katako masu ado da ke leƙowa daga bangon tsofaffin gidaje. Rabin manyan gidajen tsohon gari da hannunsa a jikinsu, kuma ya san haka sarai. Ba ya kiran Haladu da sunansa, sai dai Atbara. Shekarunsu ɗaya ko kusa, suna cin fulu, dafaffen waken Larabawa, a faranti ɗaya kullum safiya, suna musu daga lomar farko har ta ƙarshe.

Haladu ba ya cire allo sai ya rubuta masa lamba da alli, ya rubuta irinta a inda ya cire shi. Wanda ke da sauran rai a wanke shi, a shafa masa mai, ya koma mazauninsa, ko da ramin harsashi a jikinsa. Wanda ya mutu ne kawai ake yi wa sabo da katakon da ake kawowa daga tsibirin Jawa. Othman ya ce wannan ba kafinta ba ne, mai jinya ne. Da ya ga Haladu na barin ɗan sarari a kowane haɗi, sai ya kama haɓa.

"Ya Atbara, a garinku haka ake aiki, a bar wa iska ƙofa? Ni in na haɗa katako biyu ko allura ba ta shiga."

"Naka a bango yake zaune, Mu'allim, ba inda za shi. Wannan an yi shi ne don ya yi tafiya. In ka ɗaure shi tamau, ranar da ya motsa zai tsage."

"Ai wannan ma ba inda za shi."

"Shi bai sani ba," in ji Haladu.

Wata bakwai suna kai. Aka sake rufin, aka mayar da bencina, aka shafa wa jikin mai har ya koma ja mai duhu. Masu dariyar nan suka fara kawo 'yan uwansu kallo ranar Juma'a. Sai dai a watannin nan zafin Jidda ya shigo da laimarsa, irin wadda mutum ke fitowa wanka ya rasa bambancin jikinsa da tawul. Katakon da ya yi kusan shekara hamsin a busasshiyar sahara ya samu abin da bai taɓa samu ba, ya yi ta sha. Tagogin da ke tashi da yatsa biyu suka fara nauyi, daga baya suka cije a rufe, ko gezau.

Haladu ya gani, bai damu ba. Damuwar ta zo ne ranar da Sheikh ya kawo wani baƙo daga cikin manyan da suka ba da aikin. Sheikh na gaba yana bayani kamar da hannunsa ya kafa kowace ƙusa. Ciki ya yi zafi, baƙon ya fara fifita da gefen gutrarsa, mayafin kansa, Sheikh ya kama taga zai sauke masa. Ta ƙi. Ya koma ta biyu ya danna da ƙarfinsa duka, har igal ɗinsa, baƙar igiyar da ke riƙe masa gutra, ya zame ya faɗo kan benci. Baƙon ya yi murmushin nan na masu ladabi, wanda ya fi dariya ciwo.

Ko ƙurar motar baƙon ba ta kwanta ba Sheikh ya dawo.

"Esh hada, mene ne haka, ya ammi Haladu? Wata bakwai, taga ba ta buɗuwa?"

"Kumbura suka yi, ya Sheikh. Iskar Jidda ruwa ce. In sun koma Madina za su saki ruwan, su dawo yadda suka zo."

"A fere su."

"In an fere su daidai da nan, a can za su motse su yi sako-sako. Ƙura za ta shiga, su yi ta kaɗawa, gilashin ya fashe. Kuma abin da aka fere ba ya komawa."

"Ni ba karatu na zo ɗauka ba. Kafin Alhamis ina son kowace taga ta buɗe. Halas."

Washegari Haladu ya tafi kasuwar Bab Makka neman fatar maɗaurai. Yana dawowa bayan azahar ya tarar da ɓawon katako a murɗe a ƙasan taragon, ja mai duhu, irin wanda sabon katako ba ya bayarwa. Othman na tsaye wajen taga ta uku a hagu, filen ɗinsa na fere katako a hannu, yana ɗaga tagar yana saukewa yana murmushi.

"Ka gani? Kaɗan na ɗauke mata, kaurin ƙwayar shinkafa kowane gefe. Ka huta da faɗan Sheikh."

Ba mugunta ba ce. Shekara arba'in Othman na yin haka: taga ta cije, a fere ta, mai gida ya yi godiya. A Jidda daidai ne, don tagar da aka yi a Jidda a nan take tsufa, iska ɗaya take sha har ta ruɓe. Bai taɓa yin abin da za a ɗauka a kai wata ƙasa mai wata iska ba. Haladu ya durƙusa ya tsinci ɓawon ya riƙe a tafin hannu, ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ya san mutumin don ya taimake shi ya yi.

Da la'asar Sheikh ya zo, ya gwada tagar, fuskarsa ta washe. Ya ce a yi wa sauran sha ukun haka. Ma'aikata duk suna tsaye a bakin ƙofa.

"Ba zan yi ba, ya Sheikh," in ji Haladu. "Kuma ina roƙon kada a bar kowa ya yi."

Haladu ba mai jayayya da na gaba ba ne, shekara tara ba wanda ya taɓa jin ya ce a'a. Shi kansa ya ji muryarsa kamar ta wani.

"A kai shi Madina yadda yake," ya ci gaba. "A ba ni mako uku. In ba su buɗe ba, ga Mu'allim ga filen ɗinsa."

"Ɗayyib," in ji Sheikh, idonsa ya kaɗa. "Mako uku. Amma ku shaida, ya jama'a. In na zo na tarar ba su buɗe duka ba, hannuna ba zai hau takardar iƙamarka ba. Ni ba na riƙe mutumin da ya fi ni sanin aikina."

Ya faɗa a gaban mutum goma sha ɗaya. Kowa a wurin ya san ma'anar haka.

A gidansu na unguwar Bani Malik, Barakatu ta saurare shi har ya gama, tana tuƙa tuwon asida ba ta ko waiwayo ba. Sai da ta sauke tukunyar ta juyo.

"Abu Zakiya, saboda taga?"

"Tagogi sha uku."

"Ko ɗari ne. Na ubanka ne? Turkawan da suka yi su sun mutu, waɗanda suka zauna a ciki sun mutu. Kai ne za ka ɗauke ni da wannan gwiwar tawa ka mayar da ni Sudan, in bar jikokina, don katako ya ji daɗi?"

Ya yi ƙoƙarin yi mata bayanin ruwa da iska, ta ɗaga masa hannu. Ta ce ta san katako na kumbura, ita ke fama da ƙofar kicin ɗin nan duk bazara, shi kafintan gidan bai taɓa dubawa ba. Ta zuba masa miya fiye da kullum, alamar faɗan bai kai zuci ba. Can ta tambaye shi a hankali ko ya tabbata.

"Da Atbara ce da na rantse miki. Mun sha karɓar taragu daga bakin teku a kumbure, su sake a wurinmu. Madina ban taɓa gwadawa ba. Kwana nawa zai ɗauka, ban sani ba."

"To me ya sa ka ce mako uku?"

"Shi ya zo bakina."

Tsoro take ji, shi ma haka, kuma duk sun san babu amfanin ɓoyewa. Ta ce shekara tara tana ganinsa yana fita aiki kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, sai a watannin nan ne ta ga mutumin da ta aura. Ta ce ya je, amma in suka ƙare a jirgin ruwa, tun daga Jidda har Port Sudan ba zai huta da bakinta ba.

Aka ɗora taragon a kan doguwar motar Rafi'u, direban warshar, ƙafafunsa na ƙarfe a wata motar daban. Kwana biyu suka yi a hanya, ta Rabigh da Badar, suna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai. Sheikh ya haɗa Haladu da Othman, shi da akwatin kayan aikinsa, don in wa'adi ya cika ya fere tagogin nan take. A Madina aka sauke taragon a kan ɗan guntun dogo a gefen tsohuwar tashar, aka ba su ɗaki ɗaya a kusa. Rafi'u ya juya Jidda.

Iskar Madina ta tarbe su yadda Haladu ya yi fata. Leɓe na tsagewa, riga na bushewa kafin a gama shanya ta. Ya buɗe ƙofofin taragon biyu ya tokare su, ya kwance allunan da ke ƙasan kowace taga daga ciki don iska ta ratsa ramin bangon. Daga nan babu sauran aiki sai jira, kuma jira ne aikin da ya fi kowane wuya ga mai hannu. Kullum in sun dawo daga sallar asuba a Harami sai ya bi tagogin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora tafin hannu ya danna kaɗan. Ba ya tilasta musu.

Kwana biyar, shiru. Kwana tara, shiru. Othman kuwa ya samu abin yi: kowace hantsi sai ya zauna a inuwar taragon ya fitar da bakin filen ɗinsa yana wasawa a dutse, a hankali, yadda sautin zai kai kunnen Haladu.

"Ba gaggawa nake ba, ya Atbara. Kada dai ya yi tsatsa."

"A wannan iskar ko ka jiƙa shi ba zai yi tsatsa ba."

Bakinsa ne kawai ke da ƙarfi. A ciki kuwa ya soma fid da rai. Ya fara lissafin abin da za su iya ɗauka a jirgi da abin da za su bar wa Zakiya, ya fara tunanin wa ya rage a Atbara da zai gane shi. Abinci ya daina shiga. Othman ya lura, ya bar wasa filen ɗin, ya koma sayo masa laban, wato nono, da dabino yana ajiyewa kusa da shi.

Ranar sha biyu, taga ta biyu a ɓangaren da rana ke duka ta yi ɗan ƙara a ƙarƙashin hannunsa, ta sauka kamar faɗin yatsa ta tsaya. Bai kira Othman ba, don kada ya zama idonsa ne. Washegari ta sauka duka. Ya jawo ta sama da maɗaurin, ya sake saukewa, ya sake jawowa, har Othman ya leƙo ya tambaya ko rijiya yake ja. Kwana biyu bayan haka wasu uku suka bi. Ranar ashirin, tara na tashi suna sauka. Huɗu a ɓangaren inuwa, kusa da bangon tashar, suna nan a cije.

Akwai kuma ta sha huɗun, wadda aka fere. Tun a mako na biyu ta fara magana. Iska na tasowa sai ta kama kaɗawa a raminta, kaf-kaf-kaf, da safe kuma a tarar da siririn layin yashi a kan bencin da ke ƙarƙashinta. Wata rana Haladu ya ga an ninke takardar siminti an cusa a gefenta, an share bencin. Ya wuce kamar bai gani ba. Mutumin da ke sayo maka laban ba ka tsaya kana nuna masa takardar siminti.

Sheikh ya iso ranar ashirin da ɗaya da hantsi, Rafi'u na tuƙa shi a ƙaramar mota, tare da baƙon nan da aka ji kunya a gabansa. Ya shiga ta ƙofar da ke kusa da bangon tashar, ya kama tagar farko da hannunsa ya kai gare ta. Cikin huɗun nan ce. Ya kama ta kusa da ita, ita ma haka. Wuyansa ya fara kumbura.

Haladu ya bi sauran taran yana saukewa da yatsa biyu, ɗaya bayan ɗaya, iska ta ratso taragon. Baƙon ya ce masha Allah. Sheikh bai ce ba.

"Tara," in ji shi. "Ni duka na ce. Haka na ce ko ba haka ba, ya ammi?"

"Haka ka ce."

"To."

Haladu bai roƙa ba. Ya tsaya riƙe da maɗaurin fata yana kallon ƙasa, fuskar Barakatu kawai yake gani.

Sai Othman ya taso daga ƙarshen taragon. Ya ce wa Sheikh da baƙon su zo su ga wata tagar. Ya kai su ta uku a hagu, ya zare takardar simintin a gabansu ya yar. Ya kama tagar ya girgiza, ta yi ƙara har gilashin ya amsa. Ya zura ɗan yatsansa ta gefenta ya fito ta waje.

"Wannan aikina ne," ya ce. "Ni Othman, da shekara arba'in a sana'a. Ƙwayar shinkafa na ɗauke mata a Jidda, ga abin da ta zama a nan. Da ka bar ni na yi wa sauran, ya Sheikh, da yau keken kaɗe-kaɗe za ka miƙa wa mutanen nan, kuma da babu mai iya gyara maka. Huɗun can ba su ga rana ba ne, za su sake. Wallahi ni ban san haka katako ke yi ba sai da na zauna a nan na gani. Mutumin nan ya sani tun ranar farko."

Haladu ya san abin da maganar nan ta ci wa Othman. Mutum ne da ko ƙusa ya lanƙwasa sai ya ce ƙarfen ne ba shi da kyau. Ga shi ya tsaya gaban mai gidansa da baƙon ido ya kwance wa kansa rawani.

Sheikh ya sa nasa yatsan a ramin. Ya dubi yashin da ya taru a lungun bencin, ya dubi baƙon, ya dubi tagogi huɗun. An ga yana kokawa da maganar da ya yi a gaban mutum goma sha ɗaya. Ya gyara gutrarsa, ya yi gyaran murya.

"Wa ya ce muku duba aiki na zo?" ya ce. "Ni ziyara na kawo baƙona. Duba aiki sai Alhamis ta sama, in na samu lokaci." Ya nufi ƙofa, sai ya tsaya a kan matakala bai juyo ba. "Ya ammi Haladu, akwai mai hoto a bakin kasuwa. Ka ɗauki guda huɗu ka ba Rafi'u kafin mu juya da la'asar. Rajab ya kusa, ba na son takardunka su yi latti. Yalla."

Suka fita. Haladu ya nemi benci ya zauna. Hawaye suka zubo masa, bai share ba, bai kuma ji kunyar Othman ba. Farin ciki ne da sauƙi irin na wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya, har da ɗan jin haushin kansa da ya kusa jefa tsohuwar matarsa cikin teku saboda kalmar da ta zo bakinsa.

Rafi'u ya leƙo ta tagar da ke buɗe ya ce ya zo su je wurin mai hoton. Ya ƙara da cewa shekaranjiya ya bi ta Bani Malik, ya tarar Hajiya Barakatu ta ɗaure tukwanenta a buhu biyu, ta ce wai gyaran ɗaki take.

"In ka koma ka fara zuwa can kafin warsha," in ji Haladu. "Ka ce mata ta kwance."

Othman ya zauna kusa da shi ya miƙa masa hankici, ya ce ya goge fuska, kada a manna wa hukuma hoton mai kuka. Sannan ya nuna tagarsa da haɓa.

"Ita kuma fa? Ta mutu ke nan?"

"Ba ta mutu ba. Akwai guntun tsohon allo da na ajiye, mai lamba sittin da biyu. Za mu tsaga siririn yanki mu manna mata kowane gefe. Za a ga tabon, amma za ta zauna."

"Ni zan tsaga," in ji Othman. "Kai ka tsaya a kaina ka faɗa mini kaurin."

Haladu ya ce to, bari ya dawo daga wurin mai hoto. Ya tashi ya bi ta gaban tagogi huɗun nan bai taɓa su ba, ya sauka ya shiga motar Rafi'u.